Mene ne sitiroyid, kuma me ya sa ake cewa yana tsofar da masu gina jiki da wuri?

A gasar gina jiki ta ƙwararru, sau da yawa za a kira sunan mutum a ce shekarunsa 32, ya hau dandamali da jikin da ya fi ƙarfin misali, amma in ka dubi fuskarsa sai ka rantse ya haura hamsin. Kumatu sun zurma, fata ta yi kauri ta bushe, gaban kai ya fara sanƙo. Nan take masu kallo za su ce aikin sitiroyid ne. Suna da gaskiya, sai dai gaskiyar rabi ce, domin abin da ido ke gani a fuska shi ne mafi ƙanƙanta a cikin lamarin.

Sitiroyid suna ne na babban dangin sinadarai masu fasali iri ɗaya, kuma jikin ɗan Adam da kansa yana yin su daga kwalastaral. A wajen magani dangin ya rabu gida biyu da mutane ke yawan cakuɗawa. Gida na farko shi ne na magungunan da ke kwantar da kumburi, irin su firedinisolon da dekzametason da haidurokotison, waɗanda likita ke bayarwa don asma ko ciwon gaɓoɓi ko ƙaiƙayin fata. Waɗannan ba sa gina tsoka; in ma aka daɗe ana shan su, cinye ta suke yi. Gida na biyu shi ne wanda ake nufi idan ana maganar masu ɗaga ƙarfe: testostiron, wato sinadarin mazantaka da maraina ke samarwa, da duk magungunan da aka ƙera a ɗakin bincike don su kwaikwaye shi. Aikinsu biyu ne a haɗe, gina tsoka da fito da siffofin namiji, kuma tun da aka fara ƙera su ba a sami wanda ya yi na farko ya bar na biyu gaba ɗaya ba.

A shekarar 1935 aka fara ware testostiron a Amstadam, kuma a shekarar ce Adolf Butenandt da Leopold Ruzicka, kowa a nasa ɗakin bincike, suka gano yadda za a haɗa shi. Wasanni suka shigo daga baya. John Ziegler, likitan tawagar ɗaga ƙarfe ta Amurka, ya dawo daga gasar duniya ta 1954 a Biyana, babban birnin Ostiriya, da labarin cewa 'yan Tarayyar Sobiyet suna yi wa 'yan wasansu allurar testostiron. A 1958 kamfanin Ciba ya fitar da ƙwayar Dianabol, Ziegler ya riƙa ba wa masu ɗaga ƙarfe, ba a jima ba ta bazu a gidajen motsa jiki. An fara gwajin sitiroyid a wasannin Olimfik a 1976, Amurka kuma ta sa shi cikin magungunan da doka ta taƙaita a 1990. Ke nan lokacin da Arnold Schwarzenegger ke lashe Mr. Olympia, babbar gasar ƙwararrun masu gina jiki, a farkon shekarun 1970, shan sa bai saɓa dokar ƙasar ba, kuma shi da bakinsa ya faɗa cewa ya sha.

Sitiroyid magani ne na gaske. Ana ba namijin da jikinsa ya kasa samar da testostiron, ana ba wanda cuta ta rame shi. Bambancin yana wajen adadi. Jikin namiji mai lafiya yana samar da miligiram 5 zuwa 7 a rana, likita kuma kan rubuta wajen miligiram 100 a mako ga wanda nasa ya gaza. Masu neman jikin gasa suna ninka wannan sau goma, wasu har abin ya doshi ɗari. Ba kuma iri ɗaya suke sha ba: a haɗa allurar testostiron da nandurolon, a ƙara da tirenbolon, wanda asalin aikinsa a yau shi ne a dasa wa shanu don su yi nama, a ɗora ƙwayoyi a kai. Da, al'adar ita ce a yi makonni ana sha sannan a huta. Yanzu da yawa ba sa hutawa, sai dai su rage adadin na ɗan lokaci su sake hawa, shekara da shekaru.

Kuma a matakin ƙwararru, idan aka ce "sitiroyid" an taƙaita ne kawai. Akwai sinadarin girma da ake yi wa kai allurarsa, akwai insulin ga mutumin da ba shi da ciwon suga, akwai magungunan sa fitsari da ake sha gab da gasa don a tsotse ruwan da ke ƙarƙashin fata. Kowanne yana barin nasa tabon, kuma da yawa daga alamun tsufan da ake jingina wa sitiroyid na waɗannan ne.

A ɗauki fuska. Zurmawar kumatu ta fito ne daga ramar gasa: ana sauke kitsen jiki zuwa wajen kashi 4 ko 5 cikin ɗari, kitsen fuska kuma shi ne ke sa mutum ya yi kama da yaro, idan ya tafi sai ƙashi ya bayyana, ido ya faɗa. A ƙara da ƙishirwar da aka ƙaƙaba wa jiki da gangan, da rinin da ake shafawa, da hasken dandamali da aka tsara don ya fito da kowane layi. Wannan tsufa na kwana kaɗan ne, yawancinsa yana gushewa idan an koma cin abinci. Wanda ba ya gushewa shi ne sanƙo. Jiki yana mayar da wani kaso na testostiron zuwa sinadarin da ke ƙanƙantar da saiwar gashin kai, to wanda ya gaji sanƙo, wanda da sai ya manyanta zai gan shi, yana iya ganin sa tun yana ɗan ashirin da wani abu. Haka ma fata: maiƙo yana yawa, manyan ƙuraje su fito a baya da kafaɗu su bar tabo. Sinadarin girma kuma, in an daɗe ana yin sa da yawa, yana kaurara fata, ya faɗaɗa muƙamuƙi da goshi da hanci da tafin hannu, irin abin da ake gani ga masu ciwon da ke sa jiki samar da shi fiye da kima.

Duk wannan ado ne. Inda maganar tsufan wuri ta yi nauyi shi ne cikin ƙirji. Zuciya ma tsoka ce, kuma tana amsa kiran sinadarin kamar yadda damtse ke amsawa. Sai dai damtse in ya yi kauri ƙarfi ya ƙaru, zuciya kuwa in bangonta ya yi kauri sai ta yi tauri, ta kasa saki ta cika da jini yadda ya kamata, tabo ya riƙa shiga tsakanin zaren namanta, tabon nan kuma shi ke rikita wutar da ke tsara bugunta. A lokaci guda kwalastaral mai kyau, wanda ke share jijiyoyi, yana faɗuwa ƙasa warwas, musamman ga masu shan ƙwayoyi, mara kyau kuma ya hau. Jini yana yin kauri saboda jajayen ƙwayoyinsa sun yi yawa. Hawan jini ya shigo. Sannan wannan zuciyar ce za ta ciyar da jiki mai kilo 120 ko 130 dare da rana. Taurin zuciya, toshewar jijiyoyi, hawan jini: waɗannan cututtuka ne da likita ya saba gani ga ɗan shekara 60 ko 70. Ganin su ga ɗan shekara 35 shi ne ainihin abin da ake nufi da tsufan wuri, ba wai kwanaki sun fi gudu a jikinsa ba.

Alƙaluma sun nuna haka. Wani bincike da Marco Vecchiato na Jami'ar Padova a Italiya ya jagoranta, wanda aka buga a 2025, ya bi diddigin maza 20,286 da suka shiga gasannin ƙungiyar gina jiki ta duniya tsakanin 2005 da 2020. An sami mutuwar 121, matsakaicin shekarunsu 45, kuma kashi 38 cikin ɗari mutuwar fuju'a ce ta zuciya. Haɗarin irin wannan mutuwa ga ƙwararru ya ninka na masu yi don sha'awa fiye da sau biyar. A Denmak, inda ake gwajin ƙwaya a gidajen motsa jiki na gama-gari, an kwatanta mazan da aka kama da sitiroyid da sa'o'insu, aka ga yawan mutuwarsu ya kusan ninka na sauran sau uku. Waɗannan ma ba ƙwararru ba ne.

Masu bin wasan sun san sunayen. Mohammed Benaziza ya rasu a 1992 yana da shekara 33, sa'o'i kaɗan bayan wata gasa a Holan, kuma maganin sa fitsari aka ɗora wa laifin. Andreas Münzer ɗan Ostiriya, wanda ya yi suna da rashin kitse, ya rasu a 1996 yana da 31, binciken gawarsa ya nuna hanta cike da ƙari. Dallas McCarver ya rasu a 2017 yana da 26, zuciyarsa ta auna giram 833, alhali ta namiji baligi ba ta cika wuce 350 ba. Shawn Rhoden, wanda ya ci Mr. Olympia a 2018, ya rasu a 2021 yana da 46. Ba daidai ba ne a ɗauki kowace mutuwa a ce magani kaza ne ya yi ta, don akwai gado, akwai cututtukan da mutum ke zuwa da su. Amma jerin ya yi tsawon da ba za a kira shi tsautsayi ba.

Akwai wani tsufan da ba a cika faɗa ba saboda kunya. Ƙwaƙwalwa ce ke aika wa maraina umarnin su yi testostiron da maniyyi. Idan ta ga jini ya cika da sinadarin daga waje, sai ta daina aikawa. Maraina su ƙanƙance, maniyyi ya ragu har ya kai haihuwa ta gagara. Wani kaso na testostiron ɗin da ya yi yawa kuma jiki yana juya shi zuwa sinadarin mata, shi ya sa wasu ke fitar da nono har sai an yi musu tiyata. Ranar da mutum ya daina sha, na waje ya ƙare, na ciki bai farfaɗo ba: kasala, mutuwar sha'awa, baƙin ciki mai nauyi, tsokar da aka sha wuya a kanta tana zagwanyewa. Wasu suna warwarewa cikin watanni. Wasu kuwa, kamar yadda wani binciken Denmak na 2016 ya nuna, shekaru bayan sun daina testostiron ɗinsu yana ƙasa da na sa'o'insu. Mutum ya nemi mazantakar da ta fi ta kowa ya ƙare da ta dattijo, garin neman ƙiba an samo rama. Wannan halin ne ke mayar da mutane da yawa kan allura, har ta zama ta har abada.

Sauran gaɓoɓi ma suna biyan nasu kason. Ƙwayoyin sha suna wahalar da hanta. Likitoci a Jami'ar Kolambiya ta Amurka sun ba da rahoton masu gina jiki 10 da ƙodarsu ta samu matsala bayan shekaru suna sha, 9 daga cikinsu matatar ƙodarsu ta yi tabo. Tsoka tana ƙarfi fiye da yadda jijiyar da ta ɗaure ta da ƙashi ke iya bi, sai a yi ta tsinkewa. Ƙwaƙwalwa ma ba ta tsira ba: a Oslo, Astrid Bjørnebekk da abokan aikinta sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu ɗaga ƙarfe, na masu sha da na waɗanda ba sa sha, suka sa kwamfuta ta ƙiyasta shekarun kowa daga hoton. Ƙwaƙwalwar masu sha ta fito ta girmi shekarunsu, kuma tazarar ta fi faɗi ga waɗanda suka fi daɗewa a kai.

Za a ce, ai ga Arnold nan ya haura shekara 75, ga Frank Zane ya haura 80. Haka ne. Amma waɗanda suka rayu ne ake iya nunawa, kuma wasan da suka yi ba shi ne na yau ba. Zane ya ci Mr. Olympia sau uku a ƙarshen shekarun 1970 da nauyin da bai kai kilo 90 ba. Daga zamanin Dorian Yates a shekarun 1990, sannan Ronnie Coleman da ya ci sau takwas daga 1998 zuwa 2005, girma ya zama abin da alƙalai ke saka wa. A ganina nan ne laifin ya fi taruwa: muddin kofi na wanda ya fi kowa girma da bushewa ne, kuma babu gwaji mai tsanani a manyan gasannin ƙwararru, adadin allura zai bi abin da ake ba wa maki. Daga nan kuma yake gangarowa ga matasan da ke kallon hotunan a waya, waɗanda ba su da kofi a gaba, ba su da likita a gefe, kuma abin da suke saye a ɓoye sau da yawa ba shi ne abin da aka rubuta a jikin kwalbar ba.

Shin dainawa tana mayar da abin da ya tafi? Wani ɓangare. A 2017 Aaron Baggish da abokan aikinsa a Boston sun auna zukatan masu ɗaga ƙarfe 140, 86 daga cikinsu sun yi shekaru suna sha. Ƙarfin tura jini ya fi rauni ga waɗanda ke kan sha a lokacin, kuma ya fi kyau ga waɗanda suka ajiye, alamar cewa wannan yana farfaɗowa. Taurin zuciyar kuwa bai tafi duka ba ko ga waɗanda suka daina, kuma yawan kitsen da ya daskare a jijiyoyin zuciya ya bi yawan shekarun da mutum ya yi yana sha.