Rashin kuka ba shaida ba ce cewa ƙugun jariri lafiya yake

An daɗe ana ɗauka cewa muddin jariri ba ya kuka idan an motsa ƙafarsa, to ƙugunsa lafiya lau yake. Wannan kuskure ne, domin rashin zaman kan ƙashin cinya daram cikin gurbinsa, wanda ya fi samun 'ya'ya mata da jariran da suka zo ta gindi, galibi ba ya yi wa jariri zafi. Alamar da ya kamata a kula da ita ita ce cinya ɗaya ta ƙi buɗuwa kamar ɗayar yayin canza kunzugu. Kafin jariri ya kai wata 6, ɗamarar Pavlik, wato maɗaurin da ake sa wa jariri don ya riƙe cinyoyinsa a buɗe, takan gyara matsalar. Idan aka makara kuwa, sai ɗingishi, daga baya amosanin gaɓa tun da ƙuruciya.