Baƙaƙen fatan Amurka da gwagwarmayar kaɗa ƙuri'a: tambayoyi da amsoshi

Ba tun tuni doka ta ba su 'yancin zaɓe ba?

A takarda, ta ba su. Gyaran tsarin mulki na 15, wanda aka amince da shi a 1870, ya haramta hana mutum zaɓe saboda launin fatarsa. Amma jihohin kudu sun samo dabarun kewaye shi: harajin zaɓe, da jarrabawar karatu da rubutu wadda jami'in rajista ne kaɗai ke yanke wanda ya ci. Wanda ya nace kuma ya gamu da kora daga aiki ko dukan tsiya. A Mississippi, a 1964, baƙaƙen da ke da rajista ba su kai kashi 7 cikin 100 ba.

Martin Luther King ne ya yi aikin?

Shi duniya ta fi sani, amma kafin ya iso kowane gari, akwai waɗanda suka shekara suna bi gida-gida. A tsibirin Johns da ke jihar South Carolina, a 1957, aka buɗe aji a bayan wani shago, inda Bernice Robinson, mai gyaran gashi, take koya wa manya karatu don su tsallake jarrabawar rajista. Wata malamar makaranta, Septima Clark, ta yaɗa irin waɗannan azuzuwa a faɗin kudu.

Ni dai labarin Fannie Lou Hamer ya fi tsaya mini a rai. Shekara 18 ta yi tana aiki a gonar audugar wani Bature a Mississippi. A watan Agustan 1962 ta je garin Indianola yin rajista, aka ce ta faɗi jarrabawa, da ta dawo kuma mai gonar ya ce ko ta janye ko ta kwashe kayanta. Ta bar gonar a daren. Ta koma ta sake zama jarrabawar har ta ci, daga nan ta zama mai jan wasu zuwa ofishin rajista.

Me ya faru a Selma?

Ran 7 ga Maris 1965, mutane kusan 600 suka tashi daga Selma za su taka zuwa Montgomery, babban birnin Alabama, don neman 'yancin zaɓe, bayan wani ɗan sanda ya harbe wani matashi baƙar fata ɗan gwagwarmaya, Jimmie Lee Jackson. A gadar Edmund Pettus 'yan sanda suka far musu da kulake da barkonon tsohuwa, suka fasa wa John Lewis, ɗaya daga cikin jagororin tattakin, kai. Talabijin ta nuna wa ƙasa baki ɗaya. Ran 6 ga Agusta Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar kare 'yancin zaɓe.

Ƙuri'ar ta canza wani abu kuwa?

A jihohin kudu zaɓen shugaban 'yan sandan gunduma ake yi, kuma a wurare da yawa daga rajistar masu zaɓe ake tsamo masu taya alƙali yanke hukunci. Marar ƙuri'a ba shi da ta cewa kan wanda zai kama shi, balle wanda zai yi masa shari'a. Jim Clark, shugaban 'yan sandan da ya addabi masu neman rajista a Selma, ya sha kaye a zaɓen 1966, da baƙaƙe suka fito da yawansu. Zuwa 1967 rajistarsu a Mississippi ta kai kusan kashi 60.

Ke nan magana ta ƙare?

A'a. A 2013 Kotun Ƙolin Amurka ta soke sashen dokar kare 'yancin zaɓe da ke fayyace jihohin da sai sun nemi izinin gwamnatin tarayya kafin su sauya dokar zaɓe. Tun daga nan ake ta tafka shari'a kan katin shaida, rufe rumfunan zaɓe da shata mazaɓu.