Ba Sarauniya Bilkisu ce ta gina kufan Zimbabwe ba

Duk wanda ya je yawon buɗe ido kufan Babbar Zimbabwe, kusa da garin Masvingo, zai tsaya gaban katangar dutse mai tsayin kusan mita 11, wadda aka jera duwatsunta ba laka ba siminti. Har gobe akwai masu cewa baƙi ne daga wata ƙasa mai nisa suka gina ta. Wannan magana ba ta da tushe.

Wanda ya yaɗa ta wani Bajamushe ne, Karl Mauch, da ya isa wurin a 1871. Ya ɓanɓaro itacen saman wata ƙofa, ya ji ƙamshinsa, sai ya yanke cewa daga Lebanon aka kawo shi, irin wanda aka ce Annabi Sulaimanu ya yi gini da shi, wai nan ce fadar Bilkisu. Alhali itacen na dajin yankin ne.

Masana kayan tarihi sun bi diddigi: a 1905 David Randall-MacIver ya haƙa wurin, a 1929 Gertrude Caton-Thompson ta sake haƙawa. Abin da suka tono, tukwane da daɓen ɗakunan ƙasa, irin na mutanen yankin ne. Kakannin ƙabilar Shona ne suka gina birnin tsakanin ƙarni na 11 da na 15, da arzikin shanu da cinikin zinariya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne an san gaskiya amma aka danne ta. Gwamnatin Turawan Rodeshiya (sunan ƙasar Zimbabwe a wancan lokaci) ta matsa wa jami'an kayan tarihi kada su fito fili su ce baƙar fata ne magina, har masanin kufan, Peter Garlake, ya bar ƙasar a 1970.