Tsagewar cibiyar ƙwayar zarra

Tsagewar cibiyar ƙwayar zarra ita ce rabuwar cibiyar wani sinadari mai nauyi, irin su yuraniyom, zuwa gida biyu, tare da sakin makamashi mai ɗimbin yawa. A kanta aka gina tashoshin lantarki na nukiliya, a kanta kuma aka ƙera bam ɗin nukiliya. Masana sinadarai biyu, Otto Hahn da Fritz Strassmann, su ne suka ci karo da ita a birnin Berlin cikin Disamban 1938, amma fassarar abin da suka gani daga Suwidin ta zo, wurin Lise Meitner da ɗan yayarta, Otto Robert Frisch.

Yadda tsagewar take

Cibiyar ƙwayar zarra ta ƙunshi furoton, mai cajin lantarki, da niyutiron, wanda ba shi da caji. Yawan furoton ne ke tantance kowane sinadari. Na yuraniyom 92 ne. Da yake cajinsu iri ɗaya ne, furoton kullum ture juna suke yi. Abin da ke ɗaure su wani ƙarfi ne na daban, wanda ba ya aiki sai a kusa sosai. A cibiya babba kamar ta yuraniyom, turin ya kusa rinjayar ɗaurin, ƙiris take jira. Idan niyutiron ya shige ta sai ta hau rawa kamar ɗigon ruwa a bakin famfo, ta miƙe, tsakiyarta ta tsuke kamar ƙugun kalangu, daga nan ta tsinke. Sau da yawa ɓarin biyu ba su zuwa daidai. Ɗaya daga cikin rabon da ake samu shi ne bariyom mai furoton 56 da kirifton mai 36, wato 92 ke nan cif.

Shekara huɗu ana kallo ba a gani

James Chadwick ya gano niyutiron a Cambridge a 1932. Bayan shekara biyu Enrico Fermi da abokan aikinsa a Roma suka shiga harbin sinadarai da shi ɗaya bayan ɗaya, har suka lura cewa ya fi kama cibiya idan aka rage masa gudu, misali aka bi da shi ta cikin kakin farafin ko ruwa. Da suka iso kan yuraniyom sai suka ga sababbin abubuwa masu fitar da tururin radiyeshon, suka ɗauka sinadarai ne masu lamba 93 da 94, waɗanda suka zarce yuraniyom nauyi. Har sunaye aka raɗa musu.

A cikin shekarar nan ta 1934 wata Bajamushiya masaniyar sinadarai, Ida Noddack, ta rubuta cewa ba a tabbatar da wannan ba tukuna, domin mai yiwuwa cibiyar fashewa take yi ta zama manyan ɓaraguzai. Ba wanda ya bi ta kanta. Masana na da hujjarsu: duk abin da aka taɓa gani yana ɓallewa daga cibiya ɗan ƙanƙani ne, kuma ita Noddack ba ta yi gwajin da zai ƙarfafa maganarta ba. Duk da haka, da wani ya duba ko akwai sinadarai marasa nauyi a cikin kwalbarsa, da zancen ya ƙare tun a lokacin.

Berlin da Kungälv

A Cibiyar Kaiser Wilhelm ta nazarin sinadarai da ke unguwar Dahlem ta Berlin, Hahn da Meitner sun kusa shekara talatin suna aiki tare, shi a fannin sinadarai, ita a kimiyyar fiziks. Meitner ce ta ja shi zuwa binciken yuraniyom, daga baya Strassmann ya shigo. Ita 'yar Ostiriya ce mai tushen Yahudawa, fasfonta ne ke kāre ta daga dokokin 'yan Nazi. Da Jamus ta haɗiye Ostiriya a Maris 1938 sai kariyar ta faɗi. Ranar 13 ga Yuli ta sulale ta iyakar Holan da 'yan kaya kaɗan da zoben lu'ulu'u na mahaifiyar Hahn, wanda ya ba ta ko za a bukaci toshiyar baki a hanya. Daga bisani ta yada zango a Stockholm.

Wani sakamako mai ruɗarwa da Irène Joliot-Curie da Pavle Savić suka samu a Faris ya sa Hahn da Strassmann suka sake gwaji. Suka zaci radiyom suka samar, sai suka zuba bariyom don ya janyo shi, da niyyar raba su daga baya. Suka yi, suka yi, rabuwa ta ƙi. Dalili kuwa babu radiyom a wurin: bariyom suke ƙoƙarin rabawa da bariyom. Ranar 19 ga Disamba Hahn ya rubuta wa Meitner wasiƙa yana roƙonta ko za ta samo wani bayani, don shi kansa ya san a ilimin lokacin bai kamata yuraniyom ya fashe haka ba. Rahotonsu ya fito ranar 6 ga Janairun 1939, cike da ɗari-ɗari, kuma babu sunan Meitner a kai.

Wasiƙar ta riske ta dab da Kirsimeti, lokacin da Frisch ya zo daga Copenhagen ya same ta a Kungälv, kusa da Gothenburg. Suka fita cikin dusar ƙanƙara, shi a kan katakon zamiya, ita a ƙasa tana bin sa da sauri. A kan wani kututture suka zauna suna lissafi a guntayen takarda. Suka ɗauki tunanin George Gamow da Niels Bohr na kwatanta cibiya da ɗigon ruwa, suka ga lalle tana iya tsinkewa, kuma ɓarin biyu za su ture juna da ƙarfin da ya kai ma'aunin elektaron-bolt miliyan 200. To daga ina wannan makamashi? Meitner ta haddace nauye-nauyen cibiyoyi, ta lissafa cewa ɓarin biyu a haɗe sun gaza uwarsu da kimanin kashi ɗaya cikin biyar na nauyin furoton. Da ta sa wannan giɓi a ƙa'idar Einstein ta E = mc², mai juya nauyi zuwa makamashi, sai ga miliyan 200 ɗin nan ta fito.

Frisch ya tabbatar da haka da na'ura ranar 13 ga Janairu. Sunan Turanci na fission kuwa wurin wani masanin halittu, William Arnold, ya aro shi, don da shi suke kiran rabuwar ƙwayar bakteriya gida biyu. Maƙalarsa da Meitner ta fito a mujallar Nature ranar 11 ga Fabrairu, amma kafin nan Bohr ya riga ya kai labari Amurka, kuma ɗakunan gwaji da dama sun maimaita aikin cikin 'yan kwanaki.

Abin da ya biyo baya

Bohr ya gane cewa nau'in yuraniyom-235, mai furoton da niyutiron 235 a haɗe, shi ne ke tsagewa da niyutiron mai tafiyar hawainiya, kuma bai wuce kashi 0.7 cikin ɗari na yuraniyom ɗin da ake haƙowa ba. A Faris, Frédéric Joliot-Curie da Hans von Halban da Lew Kowarski suka nuna kowace tsagewa na sakin wasu niyutiron, biyu zuwa uku, waɗanda za su iya tsaga cibiyoyi na gaba. Wannan sarƙa ce Leo Szilard ya hango tun 1933. Fermi ya kunna ta a Jami'ar Chicago ranar 2 ga Disamban 1942. Bam ɗin da aka jefa wa Hiroshima ranar 6 ga Agustan 1945 na yuraniyom-235 ne, kuma kaso mai yawa na ma'adinin da shirin bam na Amurka ya yi amfani da shi daga mahaƙar Shinkolobwe ta Kwango ya fito. Meitner an gayyace ta aikin bam, ta ƙi. Yau da wannan sarƙar ake juya injinan lantarki, kuma tun 1971 ake haƙar yuraniyom dominsu a Arlit ta jihar Agadas a Nijar.

Kyautar Nobel ta fannin sinadarai ta 1944 Hahn kaɗai aka bai wa, aka sanar a Nuwamban 1945 yana tsare a gidan Farm Hall na Ingila, inda aka ajiye masanan Jamus bayan yaƙin duniya na biyu. Masana tarihin kimiyya da dama na ganin an tauye Meitner, kuma da wuya a musa musu. A 1966 Amurka ta ba su ukun, har da Strassmann, lambar yabo ta Enrico Fermi. Hahn da Meitner duka sun rasu a 1968, kuma a 1997 aka tabbatar wa sinadari mai lamba 109 sunan meitnerium.