Toshe shafukan caca: ga amsoshin, a daina tsare ni a fada

Duk fadar shan shayi da na zauna a Maraɗi tambayoyin ke nan, tun shayi na fari har na uku. Na tara su wuri guda.

Cacar ƙwallo ta waya ma caca ce?

Caca ce. Duba Suratul Ma'ida, aya ta 90. Don ka san sunayen 'yan wasan Barcelona bai mai da ita sana'a ba.

Gwamnati na iya toshe shafin caca?

Ƙwarai. Hukumar da ke kula da sadarwa, a nan Nijar ARCEP, ita ke iya miƙa wa kamfanonin waya jerin adireshi, su kuma su hana wayarka isa can. Brazil ta yi haka a watan Oktoban 2024, ta fara da shafuka fiye da 2,000 marasa lasisi.

To in an toshe, magana ta ƙare?

Ina! Yau a rufe adireshi, gobe su buɗe wani, su turo wa yara ta WhatsApp. Yaron da ya iya sa VPN, manhajar da ke ɓoye inda kake ta tsallake toshewa, ba ya ma jira. Mu kuma da ke bakin iyaka, daga Ɗan Issa zuwa Jibiya, mutum nawa ne ke yawo da layin Najeriya a aljihu? Wanda ke son kashe caca da gaske, hanyar kuɗin zai bi: ta ina ake zubawa, wa ke karɓa a shago ya tura.

Ina da kuɗi a asusun caca. In aka wayi gari an toshe, yaya zan yi?

Wannan kam sai mun zauna. Toshewa ba ta cinye kuɗinka. Suna nan a littafin kamfanin, ƙofa ce aka rufe maka. Fitar da su kuwa ya danganta da abu biyu ko uku. In kamfanin na da lasisi da ofis a ƙasar, akwai wanda za ka riƙe, ko da za a ja ka. In yana can wata ƙasa, ba ofis ba wakili, to gaskiya sai yadda suka ga dama. Za ka ce ka shiga da VPN. Mai yiwuwa ya buɗe, amma yawancinsu sun rubuta a sharuɗɗansu cewa suna iya daskarar da asusun wanda ya ɓoye inda yake, kuma lokacin cire kuɗi ne suke tuna wannan sharaɗin, ba lokacin zubawa ba. Sannan in ka buɗe asusun da sunan ƙanenka, ko layin ba da katinka aka yi masa rajista ba, ranar da suka ce turo hoton katin shaida ka shiga uku. Kada kuma ka saurari mai cewa ba shi jika biyar ya ciro maka. Ya ga wanda aka cuta ne, ya zo ƙarasawa. Shawarata, in har akwai hanya, cire abin da ke ciki yau, ka adana saƙonnin shaida, ka goge manhajar. Hukuncin abin da ka ci sama da uwar kuɗinka, je ka tambayi malaminka.

Ɗana ya sayar da babur ɗin kabu-kabunsa saboda caca. Me ya sa kake jan ƙafa kan toshewa?

Hajiya, Allah ya shirye shi, kuma ba ke kaɗai ba ce. Ba na kare caca. Abin da nake tsoro shi ne makullin: wanda ya rufe shafin caca da shi, da shi zai rufe jarida. Kin manta watan Fabrairun 2021, bayan zagaye na biyu na zaɓe tsakanin Bazoum da Mahamane Ousmane? Kwana goma ba intanet a waya. 'Yan kasuwar da ke tura hoton kaya Kano suka zauna hannu rabbana. A Agustan 2023 aka dakatar da RFI da France 24, a Disamban 2024 aka dakatar da BBC wata uku. Maƙwabtanmu na Najeriya ma sun rufe Twitter daga Yunin 2021 har Janairun 2022. Kowane da hujjar da aka bayar. Don haka in za a toshe, a buga jerin kowa ya gani, a ce ga dokar, a bar wa wanda aka rufe bisa kuskure hanyar zuwa gaban alƙali.

Ita gwamnati ba ta da tata cacar?

Tana da ita, LONANI, kamfanin cacar ƙasa. Jeka kiyos ɗin PMU, wato cacar tseren dawaki, da safe ka ga dattawa da biro a bayan kunne suna lissafin dawakan da ke tsere a Faransa. Shi ya sa in aka toshe na waje aka bar na gida, sai ka tambaya: tarbiyya ake tsarewa ko kasuwa?

Akwai VPN na kyauta da za ka ba ni?

Babu. Tashi ka nemi aiki.