Ma'anar Dashkam, da Yadda Ake Zaɓen Wadda Ta Dace da Motarka

Duk wanda ya daɗe yana tuƙi a Kano ko Kaduna ya san yadda abin yake kasancewa. Motoci biyu su gogi juna a shataletale, kowa ya fito yana rantsuwa cewa ɗayan ne ya shigo masa. Kafin minti biyar jama'a sun taru, alhali rabin masu ba da shaida ƙarar ce ta kira su, ba su ga komai ba. Wannan ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, tsautsayi ne." Wancan ya ce, "A'a, Malam, kai ne ka ƙi ba shi hannu." Sau da yawa wanda ya fi baki ko ya fi mutane shi ke tafiya da gaskiya, ko kuma a ce kowa ya je ya gyara tasa. Domin irin wannan rana aka yi dashkam.

Kalmar daga Turanci ta zo. Kalmomi biyu aka gutsure aka haɗa: dashbod, wato allon da ke gaban direba inda agogon gudu da na mai suke, da kuma kyamara. Sai dai yawanci ba a kan dashbod ɗin ake ajiye ta ba, a jikin gilashin gaba ake manna ta, can sama bayan madubin tsakiya. In ka ce "kyamarar mota" ka faɗi daidai, amma a kula, mutane na haɗa ta da wasu abubuwa biyu. Kyamarar ribas nuna maka baya kawai take yi lokacin da kake komawa, ba ta ajiye komai. Tiraka kuwa inda motar take za ta faɗa maka, ba abin da ya same ta ba. Ita dashkam, da ka tayar da mota ta fara ɗaukar bidiyo da kanta, ba za ta daina ba sai ka kashe.

Ta hanyar Rasha duniya ta fi saninta. Direbobin can sun rungume ta da wuri saboda masu faɗa wa mota da gangan don neman diyya, da rigimar inshora, da rashin yarda da 'yan sandan hanya. Ranar 15 ga Fabrairu, 2013, wani dutse daga sararin samaniya ya fashe a saman yankin Cheliyabinsk, mutane kusan 1,500 suka ji rauni, yawancinsu daga fasassun gilasai. Hotunan da duniya ta gani, da yawansu daga motocin masu tafiya aiki da safe suka fito, har masana suka yi amfani da su wajen lissafa hanyar da dutsen ya biyo. Cikin daƙiƙoƙi kaɗan abin ya wuce, ba wanda zai iya zaro waya ya saita. Kyamarar da take aiki tun kafin abu ya faru ita ce ta kama.

Ba dogon bidiyo guda take ɗauka ba. Gutsi-gutsi take yi, na minti 1, ko 3, ko 5. Idan memori ya cika sai ta goge mafi tsufa ta ɗora sabo, haka take zagayawa. A cikinta akwai ma'aunin girgiza: da mota ta daku ko an taka birki da ƙarfi, sai ta kulle wannan gutsiren don kada a goge shi. Akwai kuma maɓallin da direba zai danna ya kulle da hannunsa. A titunanmu wannan ma'auni yana buƙatar kulawa, domin kowane rami da kowane tudun rage gudu yana iya ɗaukarsa a matsayin haɗari. A kwana a tashi sai kullallun bidiyo su cika wurinsu a memori. A rage ƙarfin jinsa zuwa mataki na ƙasa tun ranar farko.

Tambayar farko wajen zaɓe ita ce ido nawa kake buƙata, kuma amsar tana ga irin rigimar da ka fi fuskanta. Mai ido ɗaya gaba kawai take kallo, ita ce mafi araha da sauƙin ɗaurawa. Mai ido biyu tana da ƙaramar kyamara a gilashin baya, da doguwar waya da ke bi ta rufin mota. Ni dai wannan nake ba mai motar gida shawara ya saya. A cunkoson gari, tsakanin A Daidaita Sahu da babura, bugun da yawa daga baya yake zuwa, kuma wanda ya buge ka ta baya ya sulale, kyamarar gaba ba ta san da shi ba. Mai ido uku tana ƙara wata da ke kallon cikin mota, da fitilun da ido ba ya gani waɗanda ke ba ta damar ɗauka cikin duhu. Wannan ta masu tasi ce da masu Bolt, da wanda ya ba direba motarsa yana haya, domin rigimarsu sau da yawa a cikin motar take tashi.

Sai zafi, wanda a ganina shi ya kamata ya yanke hukunci kafin komai. A watan Afrilu, zafin Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram yana haura digiri 40 a inuwa. Motar da aka rufe aka bari a rana, wajen gilashin gabanta yana wuce 60, kuma daidai wurin kyamarar take wuni. Masu araha da yawa batirin lithiyam ne a cikinsu, irin na waya, shi kuwa zafi abokin gabarsa ne: yana kumbura, ya daina riƙe caji, wani lokaci ya buɗe jikin kyamarar. Masu kyau suna amfani da abin da ake kira kafasita. Ba ta riƙe wuta sai ta 'yan daƙiƙoƙi, iyakar abin da zai isa a rufe bidiyon ƙarshe idan wuta ta yanke, amma tana jure zafi sosai. Ka duba kwali ka ga an rubuta kafasita, ka kuma duba iyakar zafin da aka ce tana aiki a ciki. Idan mai shago ya ce maka mai batir ta fi don tana aiki ko an kashe mota, ka sani batirin nan 'yan mintuna kawai yake kaiwa. Haka ma mariƙinta: mai robar tsotso yana saki idan gilashi ya yi zafi, mai gam ya fi zama.

Memori shi ne inda mutane suka fi yin asara, ni ma a nan na ƙone. Na taɓa sayen kati a wani shago, an rubuta 128GB a jikinsa, kyamara tana kunna fitilarta kullum kamar komai lafiya. Ranar da wani ya goge mini ƙofa ya wuce, na ciro katin na tarar bidiyon makonni ba ya buɗewa. Jabu ne, ainihin cikinsa bai kai abin da aka rubuta ba. Ko katin na gaske ne, wanda aka yi don waya ba a yi shi don a riƙa rubutawa ana gogewa dare da rana ba. Akwai waɗanda aka ƙera don wannan aiki, irin su SanDisk High Endurance da Samsung PRO Endurance. A saya a wurin da aka amince da shi, a riƙa wanke shi, wato goge duk abin da ke cikinsa, daga cikin kyamarar kamar sau ɗaya a wata, a kuma riƙa buɗe bidiyo ɗaya ko biyu ana gani da ido.

Lambobin da ke jikin kwali kuwa, 1080p da 1440p da 4K, yawan ɗigon hoto suke nufi, kuma su ne abin da mai sayarwa zai fara nuna maka. Suna da amfani, amma ba su ne komai ba. Akwai ƙananan kyamarori da ke ɗaukar hoto mara ƙarfi su buɗa shi su kira shi 4K. Abin da ya fi muhimmanci shi ne idon da ke karɓar haske a ciki, shi ya sa kamfanoni irin su Viofo da 70mai na Sin, ko BlackVue da Thinkware na Koriya ta Kudu, suke bayyana cewa sun sa na Sony mai suna STARVIS a samfuransu da yawa. Jarrabawar gaskiya ita ce dare: titi ba fitila, mota na zuwa da cikakken haske, shin lambarta tana karantuwa? Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda, don haka ko kyamara mai tsada tana iya rasa lamba. Dabarar da direbobi ke yi ita ce su karanta lambar da babbar murya, tunda tana ɗaukar sauti. Faɗin gani na kusan digiri 140 ya isa. Wanda ya wuce haka yana ƙanƙanta abin da ke nesa. Sannan a tuna girman hoto yana cin wuri. Awa guda ta 1080p tana cin kimanin 6GB, ke nan katin 64GB zai riƙe wajen awa 10 a mai ido ɗaya. 4K tana cin ninkin haka sau uku ko fiye.

Akwai kuma gadin fakin, wato kyamara ta ci gaba da sa ido bayan an kashe mota. Wannan ba ya yiwuwa ta ramin caja a yawancin motoci, sai mai wayarin ya ja mata wuta daga akwatin fis da wata waya ta musamman. Wayar tana da abin da ke yanke wuta idan batirin mota ya sauka zuwa wajen bolt 12, don kada a wayi gari mota ta ƙi tashi. In batirinka ya tsufa, ko motarka a cikin gida take kwana, ban ga dalilin wannan kashe kuɗi ba. In kuwa a bakin kasuwa take wuni, yana da amfani. Ka tsaya a kan mai wayarin kada ya yanke wata waya ya murɗa, kada kuma ya bi da ita ta gaban jakar iska da ke cikin ginshiƙin gilashi.

Ta fuskar doka, a Najeriya sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 shi ya tsara yadda kotu ke karɓar shaidar da ta fito daga na'ura, kuma yana neman takardar da ke bayanin na'urar da yadda aka samar da shaidar. Saboda haka kwanan wata da lokaci su kasance daidai. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suna gaban agogon GMT da awa 1, Ghana kuwa a kan GMT take. A ajiye asalin bidiyon, domin wanda aka tura ta WhatsApp an matse shi, lambar da ke fitowa a asali tana iya dushewa. Tun Janairun 2023 inshorar da doka ta wajabta wa motar gida ta koma naira 15,000, tana biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3, kuma bidiyo mai nuna yadda aka yi yana sauƙaƙa neman wannan haƙƙi.

Wannan shaida ba ta san mai ita ba. Idan tana da GPS, gudunka yana rubuce a ƙasan hoton. Idan ka keta danja ko kana waya, ta ɗauka. Hirar iyalinka da ta fasinja ma tana shiga, shi ya sa ya dace mai haya ya sanar da wanda ya ɗauko, ko ya kashe sautin. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ɗora bidiyon haɗari a Facebook da TikTok, fuskokin mamata da masu rauni a fili, tun kafin labari ya isa ga iyayensu. Bidiyon na jami'an kiyaye haɗura ne da 'yan sanda da kamfanin inshora da kotu.

Ranar da abu ya faru, bayan an duba lafiyar mutane, ka danna maɓallin kullewa, ka kashe motar, ka ciro katin ko ka kwafe bidiyon zuwa wayarka a nan wurin. Idan ka ci gaba da tuƙi kwana biyu da katin a ciki ba ka kulle ba, kyamarar da kanta za ta goge shi.