Wa zai ba da labarin mai shara? Tambayoyi kan Dalit da Adivasi a adabin Hindi

Su wane ne Dalit?

Mu da muka tashi da kallon finafinan Indiya mun san rawa da waƙa da bikin gata, amma ba kasafai ake nuna mana wanda zai share wurin bayan an watse ba. A tsarin gado na Hindu, mutum yana gadon matsayinsa da sana'arsa tun ranar haihuwa, kuma akwai waɗanda aka ajiye a ƙasan kowa: masu shara, masu kwasar bayan gida, masu feɗe mushe da jima. Ba a taɓa jikinsu, ba sa jan ruwa a rijiyar manya. Kalmar Dalit na nufin wanda aka murƙushe, kuma su suka rungume ta da kansu. Ƙidayar 2011 ta nuna sun kai kashi 16.6 cikin 100 na al'ummar Indiya, wato sama da mutum miliyan 200.

Ba doka ta hana wannan ba?

Ta hana. Sashe na 17 na kundin tsarin mulkin da ya fara aiki a 1950 ya haramta ƙyamar, kuma wanda ya shugabanci kwamitin rubuta kundin, B. R. Ambedkar, shi kansa Dalit ne. Shi ne ya ja jama'arsa a 1927 suka sha ruwan tafkin garin Mahad da aka hana su. Sai dai abin da aka soke a takarda bai fita daga ƙauye ba.

Me marubutansu suka faɗa da ba a taɓa ji ba?

Ɗauki Omprakash Valmiki, wanda aka haifa a 1950 a ƙauyen Barla na jihar Uttar Pradesh. Tarihin rayuwarsa da ya fito a 1997 sunansa Joothan, wato ragowar abincin da wani ya ci ya bari. In ana biki a gidan manya, danginsa sukan zauna a waje da kwanduna. Sai baƙi sun ƙoshi a tattaro ganyen da suka ci a kai a zuba musu. Gutsattsarin gurasa a shanya su a rana a ajiye saboda damina, yaro kuma ya zauna da sanda yana korar hankaki da karnuka.

Da ya shiga makaranta, shugaban makarantar ya ba shi tsintsiya maimakon darasi, ya yi ta shara har kwana uku. Mahaifinsa ya zo wucewa ya gan shi yana shara yana hawaye, ya fizge tsintsiyar ya yi jifa da ita. Na daɗe ina tuna uban nan, domin ba shi da gona ba shi da gata, amma ya tsaya a gaban malami ya ce ɗansa zai yi karatu.

Ai Premchand ya riga su rubutu a kan talakawa?

Premchand, shahararren marubucin Hindi wanda ba Dalit ba ne, ya riga su, kuma da zuciya ɗaya ya yi. A labarinsa Sadgati, wani majemi ya mutu yana faskare a gidan malamin addinin Hindu da yunwa a cikinsa. Amma a Kafan na 1936, uba da ɗa 'yan Dalit sun shanye kuɗin likkafanin matar ɗan a gidan giya, abin da ya sa masu sharhi da dama na Dalit suka ce an zana su kamar marasa zuciya. Daga nan muhawarar ta tsaya kan kalmomi biyu: sahanubhuti, tausayin na waje, da swanubhuti, abin da jikinka ya ɗanɗana. A ganina ba a buƙatar jefar da Premchand, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Premchand ya ga wulaƙancin, Valmiki kuwa ya san warin kwandon.

Matan Dalit fa?

Kausalya Baisantri ta kira nata littafin na 1999 Dohra Abhishap, wato la'ana biyu: ta asali a waje, ta zama mace a cikin gida.

Adivasi da Dalit duk ɗaya ne?

A'a. Adivasi na nufin mazauna na farko, irin su Santal, Munda, Oraon, Gond da Bhil, kuma sun kai kashi 8.6 cikin 100 a 2011. Dalit yana cikin gari an tura shi gefe. Adivasi yana da dajinsa da harshensa, sai madatsun ruwa da ma'adinai suka zo suka tashe shi. Shi ya sa takensu ruwa, daji, ƙasa. Nirmala Putul 'yar Santal ce daga Dumka a jihar Jharkhand, ta hanyar fassara waƙoƙinta suka isa ga masu karanta Hindi. Jacinta Kerketta 'yar Oraon kuwa da Hindi take rubutu kai tsaye. A 2023 ta ƙi karɓar lambar yabo daga wani babban kamfanin yaɗa labarai, saboda yadda manyan kafafe suka kau da kai daga halin da ƙabilun jihar Manipur suke ciki.